TSOHON BUTUTUN BINDIGA: A DAINA TAMBAYAR "NAWA ZAI YI?"



Wani sabon zazzaɓi ya kama wasu daga cikin mutanenmu a garin nan, zazzaɓin tsohon ƙarfe. Da zarar an rushe tsohon gida a Gangare ko Dilimi ko Anguwar Rogo domin a ɗora bulo, aka ci karo da bututun tsohuwar bindiga a cikin rufi ko a ƙasan akwatin kaka, kafin la'asar hotonsa ya zaga wayoyi. Kafin magariba kowa ya zama masani. Wannan ya ce ƙirar Jamus ce, wancan ya ce da ita aka yi yaƙin Hitila, na uku ya rantse akwai wani Bature a Abuja da ke jira da jakar daloli. Haka aka yi da dutsen guga na gawayi, haka aka yi da tsohon keken ɗinki, haka aka yi da kwabo mai huji. Har yau ina jiran a nuna mini ɗaki ɗaya da aka gina da kuɗinsu.

Ga matsayina, kuma ba zan ɓoye shi a bayan ladabi ba. Tsohon bututun bindiga kuɗinsa kaɗan ne, laifinsa a gaban doka babba ne, darajarsa ta gaskiya kuwa tana cikin labarin gidan da ya fito. Dillalin da ke yi maka lissafin miliyoyi yana sayen 'yancinka ne da araha, ya haɗa da tarihin kakanka. Zan kawo hujjojina ɗaya bayan ɗaya, wanda ke da ja ya kawo tasa.

ME KE HANNUNKA TUKUNA?

Ba a yi wa abu farashi sai an san ko mene ne shi. Yawancin masu surutu ba su iya bambance bindigar da ake ɗurawa ta baki da wadda ake sa wa harsashi ta baya ba, alhali nan ne mafarin komai. Idan bayan bututun a toshe yake, sai wani ɗan rami a gefe ko a sama, to na ɗuri ne, wato dangin bindigar toka da muke kira adaka ko harba-ka-ruga. Irin wannan a ɗauke shi a matsayin mai ɗuri a ciki har sai masani ya tabbatar babu. Albarushi kan yi shekara ɗari bai mutu ba. Kada a leƙa bakinsa, kada a zura masa waya, kada a kai shi kusa da wuta, kada a bar yara su yi wasan sojoji da shi.

Bindigar toka ita ce mafi yawa a gidajenmu, kuma akwai dalili. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ake shigo da bindigogi, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Masana'antun Birmingham a Ingila da Liyej a Beljiyam sun yi ta ƙera irin waɗannan masu araha domin kasuwar Afirka kawai. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels, suka taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga masu ƙanƙara da albarushi. Ma'ana sun riƙe mai kyau, sun sayar mana da wadda suka daina yayi. Daga baya maƙeranmu suka riƙa ƙera tasu da bututun famfo da sandar sitiyarin mota. Wani ƙarfen da ake cewa "na zamanin jihadi" bai girmi mahaifinka ba. Tsatsa ba shekaru ba ce, damina biyar a rufin da ke yoyo ta isa ta tsufar da sabon ƙarfe.

Kashi na biyu su ne bindigogin soja masu cin harsashi ɗaya, a harba, a buɗe, a sake sa wani. Cikin bututunsu akwai layuka masu murɗiya da ke juya harsashi domin ya tafi saiti. Ingila ta fara amfani da Snider a 1866, faɗin raminta kusan milimita 15. A 1871 Martini-Henry ta gaje ta, raminta ya ɗan haura milimita 11, layukan cikinta bakwai, tsawon bututun babbar kusan santimita 84. Faransa kuma ta fito da Gras a 1874, mai milimita 11. Irin waɗannan sun shigo ƙasashenmu ta hannun sojojin Turawa, da fataken Sahara, da rundunoni irin ta Rabe, wanda ya ci Borno a 1893 aka kashe shi a Kusuri a 1900. Kashi na uku kuwa bindigar farauta ce mai baki ɗaya, mai santsin ciki, wadda ake karyawa a sa harsashi ta baya. Ta yi yawa a nan zamanin kamfanonin kuza, a hannun Turawa da akawuna da masu gadi. Ita ce aka fi ɗauka a matsayin "tsohuwar bindigar yaƙi", alhali kwarorin gona da zomaye ta yaƙa.

HATIMI SHI NE SHAIDA

Turawa ba su sakin bututu sai an gwada shi an buga masa hatimi kusa da gindi. Gidan gwaji na Birmingham tun 1813 yake aiki, kuma tsohon tambarinsa sanduna biyu ne a gicciye da kambi a sama. Na Liyej haruffa uku ne, ELG, a cikin zobe mai siffar ƙwai. Kayan gwamnatin Ingila na ɗauke da wata alama kamar kan kibiya. Idan kibiya biyu suka haɗa kai, to an sallami bindigar daga aikin soja an sayar. Ƙirar Faransa kan nuna sunan masana'anta, kamar St Étienne ko Châtellerault ko Tulle.

To ga inda dillali ba zai so ka sani ba. A jikin Martini-Henry, kambi da haruffan VR na Sarauniya Biktoriya, da sunan masana'anta, da shekarar ƙira, duk a jikin akwatin ƙarfen da ke riƙe da kunama aka buga su. Idan bututu kawai ya rage, babu akwati babu ƙota, to yawancin shaidarsa ta tafi. Kamar mutum ne ya zo da hula ya ce a gane masa mai ita.

Kuma ko hatimin ma ana ƙirƙirarsa. Maƙeran yankin Khyber, tsakanin Fakistan da Afganistan, sun shahara da kwaikwayon Martini har da tambarinta. Masana kan kama su ne da kurakurai: harafin N a juye cikin kalmar ENFIELD, ko tambarin Biktoriya tare da shekarar da ta wuce 1901, shekarar da ta rasu. Idan masu tara kayan tarihi a Turai, da littattafansu da madubin ƙara girma, ana yi musu sakiyar da ba ruwa, ina ga wanda ya ga hoto mai duhu a waya ya yanke farashi?

Sannan ina roƙo da babbar murya: a daina gogewa. Ɗan gida ya ɗauki samfefa ko magagari ya kankare ƙarfe har ya yi ƙyalli, wai domin ya yi kyau a hoto. Abin da ya kankare shi ne hatimin, wato takardar haihuwar abin. Rashin sani ya fi dare duhu.

LISSAFIN DA DILLALI BA YA YI

Abu uku ke sa tsohon makami tsada: ƙarancinsa, cikarsa da lafiyarsa, da tabbataccen labarin wanda ya riƙe shi. A auna bututunmu da wannan sikeli.

Ƙaranci? Martini-Henry an ƙera ta fiye da rabin miliyan. A 2003 wani kamfanin kayan tarihi ya saye rumbun makaman tsohuwar fadar Nefal, ya kwashe dubun-dubatar tsofaffin bindigogi, cikinsu har da Martini da Snider, ya zuba a kasuwannin Amurka da Turai. Mai son irinta a can yana zaune a ɗakinsa zai zaɓa. Cikakkiya, mai ƙota da kunama da hatimi a bayyane, ɗaruruwan daloli ake maganarta, mai kyau ƙwarai ta haura dubu. Bututu tsirara, wanda tsatsa ta ci, kayan gyara ne kawai, kuɗinsa ɗan guntun wancan ne. To wane Bature ne zai bar wadda ke ƙofar gidansa, ya hau jirgi ya zo Jos, ya karya dokar ƙasa biyu, domin ya biya miliyoyi a kan mafi lalacewa? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wasan a bayyane yake ga mai son gani. Da farko a kumbura maka kai da babban adadi. Sai a ce mai saye yana son a yi gwaji, ka kawo kuɗin gwaji. Sai kuɗin takarda, sai kuɗin mota, sai na "jami'in da zai buɗe hanya". Ranar da aljihunka ya bushe, lambar waya ta daina shiga. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai muni shi ne wanda da gaske yake son ƙarfen, ya ba ka 'yan dubbai, ya tafi da shi inda ba ka sani ba, domin aikin da ba za ka so a ambaci sunan gidanku a cikinsa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mu mutanen Filato bai kamata a koya mana wannan darasi ba. A ramukan kuza aka fara tono gumakan Nok. Da aka shiga wawushe su a shekarun 1990, talakan da ya yi haƙa ya karɓi na cefane, kayan suka ƙare a manyan gidajen tarihi na Turai, har a 2000 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan waɗanda aka baje a Faris. Ko a inda abu ke da tsada da gaske, na ƙasan tsani shi ne ke tashi da ƙura.

DOKA BA TA SAN TSATSA BA

Wasu matasa sun kalli bidiyon Amurkawa suna baje tsofaffin bindigogi a kan tebur, suka ɗauka haka abin yake ko'ina. A Amurka dokar tarayya ta ware bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. Wannan dokarsu ce, ba za ta tsaya maka a shingen bincike na hanyar Bauchi ba.

Tamu ita ce Dokar Makamai ta 1959. Ta raba bindigogi gida uku: haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, na mallakar kai, kamar ta farauta, da ke buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, da na ɗuri, irin su adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da iko a kansu. Abin da ya fi shafarmu shi ne, a fassarar dokar, kowane sashe na bindiga shi ma bindiga ne. Cewa "ai bututu ne kawai" ba kariya ba ce.

Ga kuma tarko. Daga baya Ingila ta sauya wa Martini da yawa bututu zuwa mai cin harsashin .303, kuma bindigar soja mai wannan awo tana cikin jerin haramtattu a dokarmu, inda hukuncin mallaka ba tare da izini ba ke farawa daga shekara 10 a gidan yari. Ƙarfen da ka ɗora a Facebook kana neman mai saye, da sunanka da lambarka, yana iya zama wannan. Ka rubuta wa kanka takardar tuhuma, ka sa hannu, ka raba wa duniya.

Akwai doka ta biyu. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta sa makami ƙirar gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ba a sayar da irinsa sai ga wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a fita da shi waje sai da izininta. Idan abin naka ya tsufa da gaske, doka ta biyu ta hana cinikin. Idan bai tsufa ba, babu abin da za a biya miliyoyi a kansa, kuma doka ta farko tana nan. Ta ina dillali zai fitar da kai?

AMSA GA MASU JA

Na ji masu cewa, "Sakatare, tarihi ake ci? Mutane na cikin yunwa." Gaskiya ne ana cikin matsi, babu gidan da bai taɓa ba. Amma abin da ɗan gwangwan zai ba ka a kan kilo biyu na ƙarfe ba zai kai ka ƙarshen mako ba, kuɗin lauya da zaryar kotu kuwa sai an sayar da fili. Sannan wa ya ce naka ne kai kaɗai? Abin da aka samu a gidan gado na magada ne duka, har da gwaggon da ke aure a Bukuru da ƙanin da ke Kano. Wanda ya saɓa ya kai kasuwa a ɓoye ya ci haƙƙin 'yan uwansa.

Na ji masu cewa a kai wa maƙeri ya yi masa ƙota, a ajiye saboda halin da gari ke shiga. Wannan ita ce shawara mafi haɗari. An ƙera waɗannan bututu ne domin baƙin albarushi na da. Ƙarfen da ya shekara ɗari yana shan raɓa ya rarake ta ciki, inda ido ba ya gani, kuma idan ya fashe fuskar mai riƙe da shi da yatsunsa yake fara ci. Bayan haka, mu da muka ga 2001 da 2008 da 2010 mun san yadda abu ɗaya da aka samu a gida ɗaya ke zama tambari a goshin unguwa guda. Ruɓaɓɓen ƙarfe ba zai kare kowa ba, sai dai ya ba mai neman hujja abin nunawa a gaban kyamara.

Na ji kuma masu cewa a jefa shi rijiya ko tsohon ramin kuza a huta. Na fahimci tsoron, amma ban yarda da maganin ba. Yaro zai iya tsinto shi gobe, kuma ka binne shaidar da ba za ta dawo ba.

DARAJAR DA BA A AUNAWA A SIKELI

Kakanninmu sun hau dutsen nan ta hanyoyi dabam-dabam. Akwai waɗanda kuza ta kawo, akwai waɗanda suka biyo ƙaramin jirgin ƙasa da ya iso daga Zariya a 1914, akwai fatake, da mahauta, da malamai, da maharba, da tsofaffin sojoji da 'yan doka da suka ajiye kaki suka zauna. Kaɗan ne cikinsu suka bar takarda. Bututun da ke rufin gidanku yana iya zama abu ɗaya tak da ya rage daga hannun mutumin da ya kafa gidan. Wa ya riƙe shi? Daga wane gari ya zo da shi? Farauta ya yi, ko gadin ayari, ko aikin soja? Amsar tana bakin tsofaffin da ke zaune a zaure yanzu haka, kuma kullum raguwa suke yi. Ranar da ƙarfen ya bar gida ba tare da labarinsa ba, ya zama gwangwan. Ranar da tsohuwar da ta san labarin ta rasu ba a rubuta ba, an yi asara biyu.

Abin kunya ne a ce muna garin da ke da gidan tarihi tun 1952, wanda Bernard Fagg ya kafa, baƙi na zuwa daga nesa su gani, ga sashen tarihi a Jami'ar Jos, amma mu gwanin da muke kai wa kayan kakanninmu shi ne mai sikeli.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Wanda ya samu irin wannan ƙarfe ya bar shi inda yake, ya kulle, ya nisanta yara. Kada ya goge, kada ya ɗora a intanet, kada ya naɗe shi a buhu ya hau Keke NAPEP da shi. Ya tara magada ya sanar da su. A zauna da dattawan gida a rubuta duk abin da suka sani, da sunaye da garuruwa, a ɗauki muryarsu a waya. Sannan a sanar da mai unguwa, a nemi shawarar lauya, a rubuta wa 'yan sanda da gidan tarihi takarda, a bar hukuma ta zo ta gani a inda yake. Duk abin da aka miƙa a karɓi shaidarsa a rubuce, kuma a nemi a ajiye shi da sunan gidan da ya fito. Ofishin sakatare a shirye yake ya taimaka da rubuta takardar da rakiya, ba a biyan ko kwabo.

Ina kuma kira ga rundunar 'yan sanda ta jiha da hukumar gidajen tarihi su fitar da hanya bayyananniya, a sanar a rediyo da Hausa da sauran harsunan Filato, yadda mai gaskiyar da ya tsinci kayan kakansa zai miƙa ba tare da fargaba ba. Matuƙar mutane na tsoron ƙofar hukuma, ƙofar dillali za su riƙa bi, kuma kowa ya san inda take fita.

Ku kuma dillalan miliyoyin baka, mun gane ku. Wanda ke da Baturen nan ya kawo shi ofishin ƙungiya da rana tsaka, da takardar izininsa a hannu, za mu ba shi kujera da ruwan sanyi. In ba haka ba, ku ƙyale gidajen mutane.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya tsare mu daga kwaɗayin da ke kai mutum ga nadama.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya,
Jos.